Masu Koyon Taici Su Fara Da Daidaita Kai A Kan Wuya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato sakacin da masu koyon taici, salon motsa jikin nan na ƙasar Sin da ake yi a hankali cikin natsuwa, suke yi da zaman kai a kan wuya. Mutane da dama sun rungumi wannan motsa jiki, musamman waɗanda shekaru suka fara ja da waɗanda likita ya hana su guje-guje da tsalle-tsalle, kuma da yawansu daga bidiyon wayar hannu suke koyo, ba a gaban malami ba. Ni ma na shafe shekaru ina yin sa, kuma abin da nake gani ga sababbin shiga shi ne abin da na yi da farko: hankali duk yana kan inda hannu zai bi da inda ƙafa za ta sauka, kai kuwa an bar shi ya zauna yadda ya ga dama. A ganina, wanda bai daidaita kai a kan wuya ba, ko da ya haddace jerin motsi ɗari, bai shiga taici ba tukuna, kuma yana iya fita da ciwon da bai zo da shi ba.

Ba ni na ƙago wannan magana ba. Asalin wasan, kamar yadda mafi yawan masana tarihinsa suka tafi a kai, yana komawa ga ƙauyen Chenjiagou da ke lardin Henan, inda ake danganta shi ga Chen Wangting, wanda ya rayu a ƙarni na 17. Daga wannan ƙauye ne Yang Luchan, wanda aka haifa a 1799 ya rasu a 1872, ya koyo shi ya kai birnin Beijing, jikansa Yang Chengfu kuma, wanda ya rasu a 1936, shi ne ya faɗaɗa motsinsa ya sassauta shi har ya zama salon da ya fi yaɗuwa a duniya. Wannan jikan ya bar wa almajiransa ƙa'idoji goma, waɗanda ɗalibinsa Chen Weiming ya rubuta aka buga a 1925. Mutumin da ya tashi a gidan da aka shahara da fasahar faɗa, kowa zai zaci da naushi zai fara ko da kafa ƙafa, amma ƙa'idarsa ta farko a kan kai take, tun kafin ya ambaci ƙirji da ƙugu da kafaɗa.

Da Sinanci ana faɗin ƙa'idar da kalmomi huɗu, xu ling ding jin, kuma shi ma Yang Chengfu gadonta ya yi, domin tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen wasan da suka gabace shi. Kalma ta farko tana nufin wofi, wato wurin da babu ƙunci ko ɗaurewa a cikinsa. Ta biyu tana nufin zama a farke da sauƙin motsi. Ta uku tsakar kai ce. Ta huɗu kuwa ƙarfi ne irin wanda horo yake haifarwa, ba irin na ɗaure tsoka ba. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce tsakar kai ta nufi sama alhali wuya yana sake. A bayanin da ya biyo baya ya yi kashedi ƙarara cewa kada a sa ƙarfi, domin idan an sa ƙarfi ƙeya za ta sandare. Wata tsohuwar waƙar koyarwa ta wasan ta kwatanta kai da abin da aka rataye daga sama, kuma wannan kwatanci ya fi mini kowane dogon bayani, saboda abin da aka rataye nauyinsa ne yake miƙar da shi ba tare da wahala ba, abin da aka tokare daga ƙasa kuwa sai an yi ta riƙe shi, mai riƙon kuma dole ya gaji.

A nan ne fassara take yi wa mutane illa. Idan ka ce wa mai jin Hausa ya ɗaga kai, haɓa zai ɗaga ya dubi sama, kuma da zarar haɓa ta tashi, bayan kai ya faɗa baya ya matse ƙeya, wato an samu kishiyar abin da ake nema. Haka na yi wata da watanni. Ina gama atisaye in ji ƙeyata ta ƙage, wani lokaci ciwon ya hau har goshi, ni kuwa ina ɗauka alama ce ta cewa jiki ya fara karɓar horo. Sai da na samu wani malami da ya tsaya a gefena ya kalle ni na ɗan lokaci, bai ce komai a kan hannuwana ba, ya ɗaga yatsa ɗaya a saman kaina, can baya da inda nake zato, ya ce in bar wannan wuri ya tashi ya taɓa yatsan nasa. Nan take haɓata ta sauko ba tare da na umarce ta ba, ƙeyata ta buɗe, kafaɗuna suka sauka, na kuma ji nauyina ya koma tafin ƙafa. Wurin da ya nuna mini shi ne Sinawa suke kira baihui, kuma gano shi ba shi da wahala: a ja layi daga saman kunne ɗaya a haye kai zuwa saman ɗayan, inda layin ya ratsa tsakiyar kai, nan ne. Ya yi nisa da goshi sosai, shi ya sa idan shi ne ya tashi fuska ba ta kallon sama, gaba take kallo.

Wanda ya ji cewa haɓa sauka take yi, sau da yawa sai ya faɗa kuskure na biyu, ya danne ta a kan maƙogwaro da ƙarfi, ya banƙaro ƙirji, ya tsaya ƙiƙam kamar soja a fareti. Wannan ya fi na farko yaudara, domin idan aka ɗauki hoto sai a ga mutum a miƙe kyam, har a yaba masa, alhali tsokokin gaban wuya da na muƙamuƙi duk a ɗaure suke, numfashi ya tsaya a saman ƙirji, kuma ba zai iya waiwaye ba sai ya juya da kafaɗa gaba ɗaya. Ya ɗauki rabin ƙa'idar, wato tashi sama, ya watsar da rabin da ya fi muhimmanci, wato sakin wuya. Haɓa ba a tura ta ciki, janyewa take yi kaɗan saboda ƙeya ta yi tsawo, kuma ya kamata a bar sarari tsakaninta da maƙogwaro yadda mutum zai haɗiyi yawu ya kuma yi magana ba tare da ya ji an shaƙe shi ba.

Kuskure na uku ba daga taici aka samo shi ba, da shi ake zuwa: kai ya zarce gaba kamar na kunkuru, kunnuwa sun wuce kafaɗu, saman baya ya ranƙwafa. Yawan zama a gaban kwamfuta da sunkuyawa a kan waya ne suke koya wa jiki wannan. Ƙasusuwan wuya guda bakwai ne, ƙoƙon kai yana zaune a kan na farko, wanda likitoci suke kira atalas, kuma a wannan mahaɗa ce ake gyaɗa kai. Atalas ɗin kuma yana jujjuyawa a kan na biyu, kuma kusan rabin waiwayen da ɗan Adam yake yi a nan yake faruwa. Kan babban mutum yana da nauyin kilo biyar ko kusa da haka, kuma mafi yawan nauyin yana ɗan gaba da mahaɗar da yake zaune a kai, saboda haka tsokokin ƙeya suna ɗan aiki ko da an tsaya daidai. Da zarar kai ya zarce gaba, aikin nasu sai ya ninka. A 2014 wani likitan ƙashin baya a birnin New York, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafin da ya nuna cewa idan aka sunkuyar da kai digiri 15 nauyin da wuya yake ɗauka yana kai kilo 12, a digiri 30 kilo 18, a digiri 60 kuwa kilo 27. Lissafi ne da aka yi da kwamfuta, ba awon wuyan mutane ɗaya bayan ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe abu mai nauyi a jikinsa sannan ya miƙa shi gaba ya san gaskiyar da ke ciki.

To, a auna wannan da halin mai koyo daga bidiyo. Ya ajiye waya a ƙasa ko a kan ƙaramin teburi, ya sunkuya yana kallonta, idan ya ɗauke ido daga kanta kuma ya mayar kan ƙafafunsa don ya ga ko ya taka daidai, haka zai yi minti ashirin ko talatin, a hankali, yana maimaitawa. Tafiyar hawainiya da maimaici su ne ƙarfin taici, domin da su jiki yake haddace abu, amma jiki ba ya tantance abin da aka ba shi ya haddace, daidai ne ko kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma na ga waɗanda suka yi shekaru da wannan sunkuyo har gyaransa ya fi musu koyon sabon jerin motsi wahala. Maganin farko ba ya buƙatar ko kwabo: a ɗora wayar daidai tsayin ido, a kalli motsin sau da yawa a tsaye ba a yi, sannan a juya mata baya a gwada. Masu sa tabarau mai gida biyu, na nesa a sama na karatu a ƙasa, su ma su lura, domin sukan ɗaga haɓa ba su sani ba don su duba ta gidan ƙasa.

Dalilin da ya sa na fi matsawa a kan wannan batu shi ne tsofaffi, domin su ne suka fi zuwa taici da fatan ya kare su daga faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne suke mutuwa a kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. A 1996 aka wallafa sakamakon binciken da Steven Wolf da abokan aikinsa na Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka suka yi a kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama, inda aka ga waɗanda suka yi mako 15 suna taici haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. Binciken taici gaba ɗayansa ya auna, ba zaman kai shi kaɗai ba, amma a duba inda kayan aikin tsayuwa suke a jiki. Ido a kai yake. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa a kowane ɓangare, tare da wasu 'yan jakunkuna masu ƙananan tsakuwoyi, waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai da karkatarsa, su ma a kai suke. Ƙananan tsokokin da ke gindin ƙoƙon kai kuma cike suke da jijiyoyin da suke ba da labarin inda kai yake dangane da gangar jiki. Ƙwaƙwalwa tana haɗa waɗannan labarai da na tafin ƙafa ta san ko mutum a tsaye yake ko ya fara tafiya ƙasa. Wanda yake atisayen daidaito da kai a sunkuye, ido a kan yatsun ƙafa, yana koya wa jikinsa dogaro da kallon ƙasa, kuma ranar da zai taka matakala cikin duhu ko wani ya kira shi ya waiwaya yana cikin tafiya, wannan dogaro ba zai yi masa rana ba.

Ana ganin haka ƙarara a cikin jerin motsi 24 da hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tsara a 1956 domin sauƙaƙa wa jama'a, wanda shi ne mafi yawan masu koyo suke farawa da shi. A motsin da ake kira hannun gajimare, ana taku gefe ana kewaya hannuwa a gaban fuska, kuma sabon shiga yakan bi hannun da wuya kawai, ƙugu yana tsaye, alhali ƙugu ne ya kamata ya juya ya ɗauki ƙirji da kai tare, hanci da cibiya suna fuskantar wuri guda, ido yana rakiyar hannu ba tare da ya ja kai ya karkata ba. A motsin zakaran zinariya, inda ake tsayawa da ƙafa ɗaya, da zarar an dubi ƙasa sai tangal-tangal ya fara, idan kuwa aka bar tsakar kai ta tashi aka ajiye ido a kan wani abu daidai tsayinsa, ƙafar da ke ƙasa sai ta kafu. Wanda ya fi koya mini darasi shi ne na allura a ƙasan teku, domin a nan dole a duƙa, kuma duƙawar daga kwankwaso take, kai da wuya da gadon baya suna tafiya a layi guda. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar ba ta nufin kai ya tsaya tsaye kamar turke a kowane hali. Masu bin salon gidan Wu Jianquan, wani shahararren malamin taici, ma da gangan suke ɗan karkata gaba idan sun yi taku, amma daga dunduniyar ƙafar baya har tsakar kai layi ɗaya ne, babu inda ya karye a wuya. Abin da ake gudu shi ne karyewar layin, ba karkatarsa ba.

Kai kuma ba ya daidaita shi kaɗai. Tsohuwar waƙar da na ambata ta haɗa ratayar kai da daidaituwar ƙashin wutsiya a baiti guda, saboda ƙashin baya kamar igiya yake mai baki biyu, bakin sama yana tashi, na ƙasa yana sauka, tsakiya kuma ta buɗe. Wanda ya gantsare kwankwaso ko ya noƙe kafaɗa har kunne, duk yadda ya yi fama da haɓarsa ba zai samu abin da yake nema ba, shi ya sa a cikin ƙa'idojin goma aka biyo da sassauta ƙirji, da sakin ƙugu, da sauke kafaɗa da gwiwar hannu. A atisayen mutum biyu da ake kira tura hannu ne ake gane wanda ya samu wannan da wanda bai samu ba, domin wanda kansa ya riga jikinsa zuwa gaba, ɗan ja kaɗan ya ishe shi ya biyo ka, wanda ya sandare wuya kuma duk turin da aka yi masa a kafaɗa sai ya ɗaga shi daga ƙasa.

Na san wasu masu karatu za su ja baya idan suka ci karo da maganar qi, wato ƙarfin rai da tsohon ilimin likitancin Sin yake cewa yana gudana a jiki, wanda littattafan wasan suke yawan ambata. Ni dai na ɗauke ta a matsayin harshen da mutanen wancan zamani suka bayyana abin da suke ji a jikinsu, kuma ba sai mutum ya yi imani da ita ba kafin ƙeyarsa ta huta, domin batun ƙashi da tsoka da nauyi ne, kowa yana iya gwadawa a jikinsa.

Gwajin kuwa ba ya wuce 'yan mintoci. A tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake, a sa wani ya duba daga gefe ko a ɗauki hoto, a ga ko ramin kunne yana saman tsakiyar kafaɗa. A raba haƙoran sama da na ƙasa kaɗan leɓɓa suna rufe, a ɗora bakin harshe a bayan haƙoran sama, domin muƙamuƙin da aka cije ba ya barin wuya ya saki. Sannan a gyaɗa kai ɗan ƙanƙani, kamar mai cewa to, a ji inda motsin yake faruwa, can tsakanin kunnuwa biyu, sama da inda yawancinmu muke zaton wuya ya ƙare. Idan wannan 'yar gyaɗawa tana yiwuwa cikin sauƙi a kowane matsayi na jerin motsin, wuya a sake yake; inda ta gagara, nan ne aka ɗaure. Tsayuwa shiru ta minti uku zuwa biyar kafin a fara motsi, irin wadda Sinawa suke kira tsayuwar turke, ta fi mini amfani a wannan fanni a kan maimaita jerin sau goma, ko da yake na san ba ta da daɗi ga mai gaggawa.

Dole in yi kashedi ga masu ciwo. A 2016 masu bincike a birnin Essen na ƙasar Jamus suka gwada taici a kan mutum 114 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, suka ga bayan mako 12 ya rage ciwon kamar yadda atisayen wuya na asibiti yake ragewa, ya kuma fi zama ba a yi komai ba. Wannan abin farin ciki ne, amma ciwon da suka duba shi ne wanda ba a gano wata cuta ta musamman a bayansa ba, kuma a gaban malami aka yi koyon. Wanda ciwon wuyansa yake sauka hannu, ko yatsunsa suke mutuwa, ko hannu yake rasa ƙarfi, ko jiri yake ɗibarsa idan ya waiwaya ko ya dubi sama, ko ya taɓa yin haɗari ya bugu a wuya, likita ya kamata ya fara gani. Haka nan dattijon da bayansa ya riga ya ranƙwafa saboda shekaru, kada a jingina shi da bango a ce sai ƙeyarsa ta taɓa, domin hanyar da zai bi ya taɓa ita ce ɗaga haɓa, wato kuskuren farko da na faɗa. Nasa daidaiton shi ne iyakar tsawon da ƙeyarsa za ta yi ba tare da zafi ba, ko da kan bai koma saman kafaɗa sosai ba.

Malam Edita, tun da hukumar UNESCO ta sanya taici cikin jerin al'adun gado na bil'adama a watan Disamba na 2020, maganarsa tana ƙara yawa a shafukan lafiya, kuma ina fatan wannan jarida ma za ta ci gaba da kawo shi. Roƙona shi ne duk lokacin da za ku yi rubutu a kansa, ku nemi malamin da zai yi bayanin zaman kai kafin ya shiga sunayen motsi, ku guji fassara ƙa'idar da cewa a ɗaga kai, ku ce a tsawaita ƙeya a saki wuya, sannan hoton da za ku buga ya kasance wanda aka ɗauka daga gefe, inda mai karatu zai ga kunne da kafaɗa da kwankwaso, maimakon na gaba da ba ya nuna komai sai hannuwa. Na gode da filin da ka ba ni.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum.